Sule da Kwabo Takwas

Ƙarfi, ta Malumfashi
6 ga Nuwamba, 1966

Zuwa ga Kawu Maitama,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na Bukur. Mu nan sai godiya. An kusa gama yankan dawa, auduga ta fara buɗewa, ƙafar Inna kuma ta yi sauƙi har tana zuwa rijiya da kanta.

Na san za ka yi mamakin takarda daga wadda ba ka sani ba sai a goye. Ni ce Hajo, 'yar Rabi ta gidan Labo, wadda kakanta da kakanka wa da ƙane ne. Inna ta ce lokacin da ka tafi aikin kuza ko tafiya ban fara ba. Wajen Maharazu mai fataucin dankali na sami adireshinka, shi ne ya ce mana yanzu kai ne babba a garejin motocin kamfani. Da hannuna nake rubutu, na yi ajin yaƙi da jahilci shekara biyu, in ka ga kuskure ka yi haƙuri.

Kawu, abin da ya sa na rubuto shi ne mota. Bara manoman Ƙarfi da na gidajen Maguzawa da ke kewaye suka kafa ƙungiyar gama kai, suka sayi a-kori-kura ta hannu, maigidana ne direbanta. Yana kai hatsi da barkono da mutane Funtua, ya komo da gishiri da kananzir. A ƙarshen damina ya faɗa wani rami a bakin kwalbati da ruwa ya rufe. Tun daga ranar motar ba ta koma daidai ba. Tana ja hagu, in ya jawo ta sai ta tafi dama, kamar akuyar da ba ta son igiya. In ya kai mil talatin da biyar sitiyari sai ya kama rawa, har ya dawo gida hannuwansa a mace, ko loma ba ya iya yi sai ya jima. Tayoyin gaba kuma suna cinyewa ta ciki, wajensu na nan kamar sabo.

Da Okoli makaniki yana Funtua da tuni an gama, shi ya san motar ciki da waje. Ya kwashe iyalinsa ya koma Gabas watan jiya, rumfarsa a kulle, ba sai na gaya maka dalili ba. Waɗanda suka rage faci suka iya da sauya filogi.

Abin da ya fi damuna ba ƙarfen ba ne. Mutane suna ganin mota tana tangaɗi a hanya, sun fara cewa direban ne ke tangaɗi. Saboda abotarsa da Baƙo maƙeri, wanda Bamaguje ne, wai burukutu yake sha a gidansu. Malam Abdussamad magatakardan ƙungiya ya faɗi haka a gaban shugaba, tsoho Gwadabe, ya ce a karɓe makulli kafin a kashe mutane. Shekara shida ina gidan nan, ban taɓa jin warin komai a bakin maigidana ba sai goro.

Bai so in rubuto ba, ya ce ba a kai kukan mota wajen surukai. Amma da ya ga na ɗauko takarda bai hana ni ba. Shi ba ya karatun boko, ni zan karanta masa duk abin da ka ce. Ka aiko ta gidan waya na Malumfashi, shi yake karɓo wa gari takardu in ya biyo.

Inna tana gaishe ka.

'Yarka,
Hajo

Bukur
18 ga Nuwamba, 1966

Zuwa ga 'yata Hajo,

Na amsa gaisuwarki. Mu ma lafiya, sai tarin da ke damun uwargidana, yana sauƙi. Ki gaishe mini da Rabi, ki ce mata na ji kunya da 'yarta ce ta fara nemana. Takardarki kwana goma sha ɗaya ta yi a hanya, gidan waya da jirgi duk ma'aikata sun ragu, ki sa wannan a ranki.

Ki gaya wa maigidanki Sanda ya kwantar da hankalinsa. Abin da kika kwatanta ba giya ba ce, ciwo biyu ne suka haɗu wa mota, kuma duka biyu ana gyara su a gindin bishiya in akwai maƙeri mai hankali.

Na farko rawar sitiyari. Taya ce wani ɓangarenta ya fi wani nauyi. A ɗaga gaban mota da jak, a kankare busasshen laka da ke maƙale cikin ƙarfen taya, a tabbata birki ba ya kamawa. A juya tayar da hannu a bar ta ta tsaya da kanta, a sa alli a wajen da ya tsaya ƙasa. A yi haka sau uku. In wuri ɗaya ke komawa ƙasa, nan nauyin yake. Baƙo ya sami dalma daga mataccen batir, ya buga ta ƙanana, ya maƙala a bakin ƙarfen taya daura da allin, wato a sama. A ƙara ko a rage har tayar ta riƙa tsayawa inda ta ga dama. In akwai faci mai kauri a cikin ɗaya daga tayoyin gaba, a mai da ita baya.

Na biyu ja da cin taya. Ramin nan ya lanƙwasa sandar ƙarfen da ta haɗa ƙafafun gaba biyu, sai ƙafafun suka buɗe, kowace tana kallon nata daji. Baƙo ya cire sandar ya miƙe ta a sanyi, kada ya sa ta a wuta, wuta tana kashe mata ƙarfi. In an mai da ita, a ba tayoyin iska daidai da juna, a sami fili mai laushin ƙasa wanda ba gangara, a tura mota gaba taku biyar sitiyari a miƙe. A samo gora madaidaiciya, a auna tsakanin tayoyin biyu ta baya, daidai tsayin cibiyar taya, a yanka gorar daidai nan. A dawo da ita ta gaba a wannan tsayi. Abin da ake so, gaba ya fi baya tsukewa da 1/8, ba ƙari ba ragi. In ba ku da abin awo, kaurin kuɗin aljihu ma ya isa a gwada. Sandar tana da noti a kai biyu, a sassauta, a juya ta har awo ya yi, a ɗaure tamau, a sake turawa a sake aunawa.

Kafin a yi wannan kada ya wuce mil ashirin da biyar, kada kuma a jibga kaya gefe ɗaya.

Maganar mutane kuwa, ranar da mota ta miƙe ita ma za ta mutu. Ki rubuto mini yadda aka yi. Rubutunki ya fi na wasu akawunanmu kyau.

Kawunki,
Maitama Makaniki

Ƙarfi
3 ga Disamba, 1966

Zuwa ga Kawu Maitama,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Allah ya ba uwargida lafiya, Inna ta ce a dafa mata citta da kanumfari. Mu nan lafiya, yau kwana huɗu ke nan ina barci sosai.

Kawu, an yi aiki. A filin makaranta aka yi, ni ina daga inuwar darbejiya da takardarka a hannu ina karantawa, maigida da Baƙo suna ƙarƙashin mota. Matar Baƙo, Marka, ta kawo mana fura, ta zauna tana yi musu dariya wai manyan maza suna karɓar umurni daga bakin mace. Maganar taya kamar kana wurin. Ta hagu sau uku tana komawa kan alli, da aka duba ashe wani tsohon faci ne a ciki mai faɗin tafin hannu. Aka mai da ita baya, aka kawo ta baya gaba. Ta dama dalma biyu ta ci. Sandar kuwa a lanƙwashe take kamar baka, Baƙo ya miƙe ta a kan uwar maƙera bai sa wuta ba.

Awon ne ya ɗan ba mu wahala, don sai da aka shiga maƙwabta kafin a haɗa kwabbai. Na jera sule ɗaya da kwabo takwas kamar yadda ka rubuta, na ɗaure da zare, kaurinsu ya kusa gaɓar ɗan yatsa. Baƙo ya ce shi a idonsa ya yi yawa, ƙafafun sun zama kamar na tantabara. Na sake karanta musu layin, na ce ka ce ba ƙari ba ragi. Maigida ya ce wanda ya shekara ashirin yana gyaran mota ya fi mu sani. Haka aka ɗaure.

Yanzu ya je Funtua sau uku. Rawar sitiyari ta tafi ɗungum, mota kuma ba ta yawo, ya ce sai dai sitiyarin ya ɗan yi tauri wajen kwana. Gwadabe da kansa ya shiga gaba ya je ya dawo, ya ce wa Malam Abdussamad a bar maganar makulli.

Abu ɗaya kawai zan tambaya. In ta hau kwalta tayoyin gaba suna wani kuka siriri, in ya tsaya kuma ya taɓa su sai ya ji zafi, hannunsa ya yi baƙi da wani gari kamar bunu ya ƙone. Ya ce wataƙila sabon zama suke yi. Haka ne?

Azumi ya gabato, kaya sun yi yawa, yanzu kusan kullum zai riƙa fita.

'Yarka,
Hajo

Bukur
13 ga Disamba, 1966

Hajo,

Ina fata kuna lafiya. Ki karanta wa Sanda wannan tun kafin ki ajiye ta.

A tsai da mota. Kada ta ƙara taka hanya ko da zuwa Malumfashi ne.

Abin da na rubuta ba kuɗi ba ne. Mu a gareji 1/8 kashi ɗaya ne cikin takwas na inci, wato kaurin kwabo biyu in an haɗa su, kwabo biyu tak. Ni da na saba da bakin gareji na manta a kasuwa da wajen awon auduga haka ake rubuta sule da kwabo takwas, na kuma zo na ƙara da maganar kuɗin aljihu ban faɗi nawa ba. Kun tsuke ƙafafun ya kai ninki biyar na abin da ake so. Kukan da kike ji taya ce ake gurzawa a kwalta kamar ana gurza rogo, baƙin garin nan kuma naman tayar ne. Da ma cikinsu ya riga ya cinye, yanzu waje ake ci. In zare ya fito, da kaya da zafin rana, fashewa za ta yi, kuma tayar gaba in ta fashe ba ta shawara da direba.

Na je gidan waya da safen nan in buga muku waya, suka ce layin wajenku bai aiki tun makon jiya, ba wanda zai hau ya gyara. Na je tasha ko zan sami mai zuwa Funtua, ban samu ba. Na nemi hutun kwana huɗu, Bature ya ce mutum uku muka rage a gareji inda da muke goma sha ɗaya, in na tafi kada in dawo. Saboda haka wannan takarda ce kaɗai ƙafata.

A sake awo da kwabo biyu. A duba tayoyin gaba da kyau, in an ga zare ko kumburi a gefe, a cire, ko da mota za ta yi wata a kan duwatsu. In Gwadabe ya yi magana a nuna masa wannan. Baƙo ya yi gaskiya, idonsa ya fi alƙalamina.

Ki ba ni amsa ranar da ta iso, ko layi ɗaya ne.

Maitama

Bukur
30 ga Disamba, 1966

Zuwa ga Hajo,

Ina gaishe ku da azumi, Allah ya karɓa. Mu lafiya, tarin ya tafi.

Yau kwana goma sha bakwai da na aiko miki takarda, shiru. Na lissafa kwanakin zuwa da na dawowa, na san da sauran lokaci, amma lissafin bai hana ni zuwa gidan waya kowace azahar ba, har mai ba da takardu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Shekaranjiya wani direban tanka da ya biyo ta Zariya ya ce ya ji an ce wata ƙaramar mota ta faɗi da 'yan kasuwa a hanyar Funtua. Na tambaye shi wace hanya, ta Gusau ko ta Malumfashi, wace irin mota, ya ce shi dai haka ya ji a wajen shan ruwa. Tun ranar na ɗaure noti ɗaya sau uku ina kwancewa.

In takardata ta ran goma sha uku ba ta iso ba, ga abin da ta ce: a tsai da mota, awon kwabo biyu ne, ba sule da kwabo takwas ba.

In kuwa ta iso kuma wani abu ya faru, kada ki ɓoye mini don girmana. Ki rubuta yadda yake.

Kawunki,
Maitama

Ƙarfi
2 ga Janairu, 1967

Zuwa ga Kawu Maitama,

Ina gaishe ka da ibada. Ban san yadda zan ce muna lafiya ba, amma ba wanda ya mutu, da wannan zan fara.

Ran goma ga azumi maigida ya fita da buhun dawa takwas da mutum bakwai. Kafin su kai Bakori, wajen walaha, tayar gaba ta dama ta fashe. Ya ce bai fi mil talatin ba. Motar ta fizge, ta gangara ta kwanta a gefenta cikin wata gonar auduga. Shi hannunsa na dama ya karye, goshinsa ya tsage. Mutum huɗu ƙujewa kawai suka yi. Marka tana baya a kan kaya da kwandon daddawarta, buhu biyu suka danne mata ƙafa. Wata babbar mota ce ta kwashe su zuwa asibiti a Funtua. Shi an sallamo shi bayan kwana uku, Marka tana can, sun ce ƙashin cinya ne, ya karye wuri biyu. An jawo motar da shanu zuwa bakin hanya, yanzu tana ƙofar gidan Gwadabe a kan duwatsu.

Kawu, takardarka ta iso. Da aka kawo mini rigarsa in wanke jinin, na ji abu a aljihu. Da safen ranar ya karɓe ta a Malumfashi, ya ga hatimin Bukur, ya sa a aljihu ya ce in ya dawo zan karanta masa. Tana ƙirjinsa lokacin da tayar ta fashe. A bakin turmi na karanta ta har ƙarshe, na naɗe ta.

Yau kwana bakwai tana cikin tukunyar da nake ajiye zare. Ban gaya wa kowa ba, har Inna. Ya tambaye ni sau biyu me Kawu ya ce, na ce gaisuwa ce da tambayar lafiyar mota. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai wannan karon.

Gari kuwa ya koma kan tsohuwar magana, har ta fi da. Wai a cikin azumi ma bai bari ba. Yara suna bin bayan gidanmu suna tafiyar tangaɗi. Malam Abdussamad ya ce bayan Salla za a zauna, a karɓi makulli, wataƙila a kai maigida gaban alƙali. Shi kuma yana kwance yana kallon rufin ɗaki, yana cewa ya rasa inda ya kuskure, ko ya ɗaure notin da sako-sako ne. Baƙo ya zo dubiya daga asibiti, ya zauna ya fi awa bai ce komai a kan awo ba. Da zai tafi na kawo masa ruwa, ya dube ni, ya karɓa ya yi godiya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

In na faɗa, ni ce matar da ta karanta ba daidai ba, ta kuma ƙi jin maƙeri, ta karya ƙafar matarsa. Da ma akwai masu cewa me ya kai mace karatun takardar maza. In na yi shiru, shi ne mashayi har ya mutu. Na san wanda ya kamata, Kawu, ba sai ka gaya mini ba. Kullum da safe sai in ce yau, sai rana ta faɗi ban buɗe tukunyar ba.

Ka yi mana addu'a.

Hajo

Bukur
12 ga Janairu, 1967

Zuwa ga 'yata Hajo,

Na gode wa Allah da ya tsai da abin a nan. Ki gaishe da Sanda da jiki, ki gaishe da Baƙo, ki ce masa wani tsoho a Bukur yana neman gafararsa da ta matarsa.

Kin karanta abin da aka rubuta yadda aka koya miki. Wanda ya rubuta shi ne bai yi tunanin mai karantawa ba. Ga wata takarda daban a ciki zuwa ga Gwadabe, na bayyana komai da sunana da lambar aikina, in alƙali yana son ganina a aiko sammaci, wannan Bature ba ya iya hana shi. Amma mijinki a bakinki ya kamata ya ji, kafin ya ji a bakin taro. Kowace rana da kika ƙara, abin da za ki nemi gafara a kansa ƙaruwa yake.

Na sami tayoyi biyu masu sauran rai sosai, na sa su a jirgi da sunan Sanda, a tambaya a tashar Funtua. Kafin a ɗaura su a sa Baƙo ya duba sandar nan, in faɗuwar ta sake taɓa ta kada a miƙe ta karo na biyu, a gaya mini in nemo wata.

Barkanku da Salla.

Kawunki,
Maitama

Ƙarfi
19 ga Fabrairu, 1967

Zuwa ga Kawu Maitama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan an yi Salla lafiya. Ka yafe mini jinkiri. Takardunka biyu sun iso rana ɗaya, tayoyi kuma sai makon jiya. Inna lafiya. An kwance wa maigida ɗori, yana iya damƙe hannun, sai dai yana yi masa tsami da safe.

Ban jira amsarka ba. Ran jajibere na fito da takardar na karanta masa daga farko har ƙarshe, na gaya masa tun yaushe take hannuna. Bai ɗaga murya ba. Ya ce kuskuren karatu ba komai ba ne, shi ma da ya iya da ya buɗe ta tun a Malumfashi. Sai ya ce, “Amma kwana goma sha shida kina kallona ina tuhumar kaina.” Ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana sai abin da ya zama dole. Ran na uku ya ce in shirya, tare za mu je zaman.

A zauren Gwadabe aka yi, mutum ya fi talatin, ni ina daga bayan ƙofa. Takardarka zuwa ga shugaba ba ta riga ta iso ba. Na faɗi abin da ya faru. Malam Abdussamad ya ce wannan dabara ce ta mace mai son ceton mijinta, kuma ga amfanin ba mata alƙalami. Gwadabe ya juyo wajena. Ya ce in miƙo takardarka ta farko, ya ba Malam Abdussamad ya ce ya karanta wa jama'a wajen awon, tunda shi ne mai ilminmu. Ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi, “Gaba ya fi baya tsukewa da sule da kwabo takwas.” Sai ya ajiye takardar, don ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ba wanda ya yi dariya. Gwadabe ya ce to, makulli yana nan wajen mai shi har hannunsa ya warke, maganar giya kuma wanda ya sake ta da ita ya zo da shaida.

Sandar ba ta sake lanƙwasa ba. Shekaranjiya Baƙo ya ɗaura tayoyinka, ya yi musu alli da dalma, aka auna da kwabo biyu. Sau huɗu ya sa aka tura motar ana sake aunawa. Da aka gama ya miƙo mini gorar ya ce in gwada da hannuna, na gwada.

Marka ta dawo gida. Ƙafar ta haɗe amma ta gajarce, da sanda take tafiya, sun ce haka za ta zauna. Noma ya ƙare mata, ita da take da gonar gyaɗa tata ta kanta. Nakan je da hantsi in yi mata daka da ɗiban ruwa. Ranar farko na durƙusa na gaya mata ni ce na ƙi jin mijinta. Ta ce ta sani, ai tana wurin, ita ce ma ta fi kowa yi masa dariya da ya ce ƙafafun tantabara. Ta ce in tashi in duba mata kalwar da ke kan wuta. Ba mu sake maganar ba.

Jiya ina tankaɗe sai ta tambaye ni yaushe mota za ta fara fita. Na ce Talata, in hannun ya yarda, kuma ba kaya, gwaji ne kawai zuwa Funtua. Ta ce daddawarta ta yi wata biyu ba ta ga kasuwa ba, masu saye za su koma wajen wata.

Na ce mata in ta yarda a kai mata, ba sai ta je ba.

Ta ce, “Ki gaya wa maigidanki ya ajiye mini gaba. Ba na iya hawa baya yanzu.”

Na gaya masa. Ya fita ya zagaya motar, ya durƙusa ya shafa tayoyin gaba ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a wurin. Da ya shigo ya ce in nemo matashi mai laushi da za a sa mata a ƙarƙashin ƙafar.

Talata jibi ce, Kawu. Ka sa su a addu'a.

'Yarka,
Hajo